Kada A Shafa Wa R2-D2 Gam



Maganar da ke yawo a makaranta tun makon jiya ita ce ta mutum-mutumin nan mai fari da shuɗi da 'yan kulob ɗin kimiyya suka gama haɗawa. Ga wanda labarin bai iske ba, wani tsohon ɗalibin makarantar nan da ke aiki a ƙasar waje ne ya aiko wa kulob ɗin da kwali guda na tubalan roba na kamfanin LEGO, kuma abin da ke fitowa idan an harhaɗa su shi ne R2-D2, wato ɗan injin nan na fim ɗin Star Wars. An gama haɗa shi, yana nan tsaye a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje. Shawarar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce a bi gaɓoɓinsa da gam mai ƙarfi, a kai shi kabad ɗin gilashi na ofishin shugaban makaranta, a jera shi da kofunan ƙwallo da na muhawara, a kulle. Ni dai ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma ina roƙon a saurare ni kafin a fasa bakin gam ɗin, domin aiki ne da in an yi shi babu gyara.

Da yake ba kowa ne ya kalli fim ɗin ba, bari in ɗan gabatar da baƙon. Star Wars ƙagaggen labarin kimiyya ne da George Lucas ya shirya a Amurka, ya fara fitowa a 1977. Labari ne na yaƙi tsakanin wata azzalumar daula da 'yan tawaye a can cikin taurari. R2-D2, wanda ake furta sunansa Atu-Ditu, makaniki ne a cikin labarin. Gajere ne, jikinsa kamar ganga, kansa kamar an kifa ƙwarya, ba ya magana sai fito da ƙiƙ-ƙiƙ irin na inji. Aikinsa gyaran jiragen sararin samaniya da buɗe ƙofofin da aka kulle da na'ura, kuma shi aka damƙa wa saƙon sirrin da duk fim ɗin farko ya rataya a kai. A wasu fitowar akwai mutum a cikinsa, wani ɗan wasan Ingila mai suna Kenny Baker wanda tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba. A riƙe wannan a rai: tauraron da muke shirin liƙewa da gam, sana'arsa a labarin ita ce kwancewa da ɗaurawa.

Kwalin da aka aiko mana mai lamba 75308 ne. Kamfanin LEGO ya fitar da shi a 2021 don cikar kamfanin Lucasfilm shekara 50. Akwai guntaye 2,314 a ciki, kuma idan an gama tsayinsa yakan kai santimita 31, wato ya ɗara rular da ke cikin jakarka kaɗan. Kansa yana juyawa. Ƙafarsa ta tsakiya tana saukowa tana komawa ciki. Akwai 'yan ƙofofi a ƙirjinsa da ake buɗewa kayan aiki su fito, akwai kuma wata ma'ajiya a kansa da aka ɓoye takobin haske, saboda a fim ɗin 1983 daga nan ya cilla wa Luke Skywalker takobinsa. Lokacin da ya fito kuɗinsa ya kusa dala 200. Kowa ya buga wannan a naira a zuciyarsa zai gane dalilin da ya sa hankalin malamai ya tashi, kuma ban ga laifinsu ba.

Waɗanda suka haɗa shi sun cancanci yabo. Sun yi makonni suna zama bayan tashi daga aji, suna tsince 'yan guntayen da wasunsu ba su kai ƙwayar wake ba, kuma ba su ɓatar da ko ɗaya ba. Amma mu faɗi gaskiya a kan irin aikin da aka yi. Kayan suna zuwa ne a cikin jakunkuna masu lamba, tare da littafi mai kauri wanda ke nuna maka hoto-hoto: ɗauki wannan, sa shi nan, juya, ɗauki wancan. Wani ne a ƙasar Denmak ya zauna ya yi tunanin yadda za a yi, ya gwada, ya rushe, ya sake, har ya dace. Namu sun bi sawunsa ne. Bin sawu da kyau ma ilimi ne, duk wanda ya taɓa tsallake layi ɗaya a lissafi ya san haka. Sai dai wannan shi ne darasi na farko a cikin kwalin, kuma gam zai sa ya zama na ƙarshe.

Don a gane abin da nake nufi sai an san mene ne shi tubalin. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin a ƙauyen Billund na Denmak, ya fara yin kayan wasan yara na katako a 1932. Sunan LEGO ya samo asali ne daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. Sun fara yin tubalan roba a 1949, amma na farkon cikinsu fayau yake, ba sa riƙe juna sosai, da an ɗan girgiza gini sai ya zube. Sai a ranar 28 ga Janairun 1958, a zamanin ɗansa Godtfred, aka yi rajistar ƙirar da ake amfani da ita har yau: 'yan maɓallai a sama, 'yan bututu a ƙasa, maɓallin na ƙasa ya matsu tsakanin bututu da bangon na sama. Matsewar nan an auna ta ne da gangan. Ta isa ta riƙe gini a tsaye, kuma ba ta fi ƙarfin yatsun yaro ba idan ya so ɓalle shi. Da riƙewa kaɗai ake so, da ba a sha wannan wahala ba, ai gam ya riga LEGO zuwa duniya. Abin da aka ƙirƙiro a 1958 shi ne haɗin da ake iya kwancewa a sake, kuma an tsare ma'auninsa har tubalin wancan lokaci yana shiga na yau daram. Kuɗin nan masu yawa da aka biya, rabinsu na kwancewa ne.

Akwai wani lissafi da nake so malaman lissafinmu su duba mana. Ɗauki tubala biyu masu launi ɗaya, irin masu maɓalli takwas, biyu a faɗi huɗu a tsawo. Ana iya haɗa su ta hanya 24. Idan uku ne, hanya 1,560. Idan shida ne fa? Kamfanin ya daɗe yana cewa miliyan 102 da 'yan kai, har sai da wani masanin lissafi na Jami'ar Kopenhagen, Søren Eilers, ya lura cewa wancan adadi ya ƙirga ne kawai ginin da aka ɗora ɗaya kan ɗaya har hawa shida, an manta da waɗanda ake jera biyu a hawa guda. Ya rubuta manhaja, kwamfuta ta ƙirga, amsa ta fito 915,103,765. Tubala shida ke nan. Mu muna da guntaye 2,314 iri-iri, kuma ana so a mayar da dukkan abin da za su iya zama ya koma abu ɗaya tak, wanda ma an riga an buga hotonsa a bayan kwali.

Na ji wani yana cewa ai kallonsa ma koyo ne. To, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Duk abin da ya fi ban sha'awa a jikin wannan mutum-mutumi a ciki yake, inda mai kallo ta gilashi ba zai taɓa gani ba. Tambayi 'yan kulob ɗin. Ta waje fari ne da shuɗi da ruwan toka, amma cikinsa akwai ƙashi na sanduna masu huji da 'yan fil da ke riƙe su, da launuka barkatai waɗanda aka sa don mai haɗawa ya riƙa bambance guntu da guntu. A nan ne dabarar saukar da ƙafar tsakiya take. A nan ne kuma amsar tambayar da ya kamata kowane mai son aikin injiniya ya yi wa kansa take: yaya aka yi tubali mai kusurwa huɗu ya ba da jiki zagayayye kamar ganga?

Amsar tana cikin ma'auni, kuma tana da daɗi. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin tubali, ban da maɓallinsa, milimita 9.6 ne. Akwai kuma fale-falen tubali mai kaurin milimita 3.2, wanda uku daga cikinsa ke ba da tsayin cikakken tubali ɗaya. Yanzu ɗora fale-falen guda biyar: 3.2 sau 5 ya ba da 16. Faɗin maɓalli biyu kuma 8 sau 2, shi ma 16. Wannan daidaituwa ita ce ke bai wa magini damar kwantar da tubali a gefensa, maɓallansa su dubi gabas ko yamma maimakon sama, kuma ya zauna cif da sauran ginin ba tare da giɓi ba. Da zarar ka iya juya tubali ya dubi kowace fuska, sai ka yi ƙashi mai kusurwa a tsakiya, ka lulluɓe shi ta kowane gefe da guntaye masu lanƙwasa, ido ya ga zagaye. Duk wanda ya riƙe fale-fale biyar a hannun hagu da tubali mai maɓalli biyu a hannun dama ya kara su ya ga sun yi kai ɗaya, ya fahimci darasin rabo da daidaito fiye da yadda alli zai koya masa a mako guda. Wannan fahimta ta hannu ake samunta, kuma zuwa yanzu mutum nawa ne hannunsu ya taɓa? Ba su cika benci uku ba, a makarantar da asembilinta ke cika fili.

Ko ta fuskar kyan gani ma gam ɗin ba alheri ba ne. Irin wanda ake sayarwa a ɗan bututu, wanda muke liƙe takalmi da shi, yana barin wani farin hazo a jikin roba idan ya bushe, kuma yana gudu kamar ruwa ya shiga inda ba a aike shi ba. Ɗigo ɗaya ya gangara cikin wuyan, kai ya daina juyawa. Ya shiga cikin ƙashin, ƙafar tsakiya ta maƙale har abada. Sai a wayi gari muna da R2-D2 mai sanƙararren wuya da tabo a ƙirji, wanda ko sayar da shi aka so yi ba zai yi daraja ba, don masu sayen irin waɗannan kaya ba sa son wanda aka liƙe.

Masu goyon bayan gam suna da wata hujja da ba ta banza ba. Sun ce shi kansa kamfanin yana liƙe nasa. Gaskiya ne. Manyan gine-ginen da ke wuraren shaƙatawa na LEGOLAND, wanda na farkonsu aka buɗe a Billund a 1968, ana liƙe su, manyan kuma har da ƙarfe a cikinsu. A 2013 an kai wani jirgin yaƙi na Star Wars dandalin Times Square da ke New York, wanda aka gina a garin Kladno na ƙasar Cek da tubala sama da miliyan 5, girmansa ya kai a ce mutum ya shiga ya tuƙa. Irin wannan dole a ɗaure shi tamau. Amma a duba bambancin. Waɗancan a waje suke, ruwa na dukansu, iska na kaɗa su, dubban mutane na wucewa suna dafawa, kuma idan ɗaya ya rufto zai iya raunata yaro. Sannan masu su suna da masana'antar tubali, in sun liƙe miliyan biyar gobe su ƙera wasu. Mu kwali ɗaya gare mu, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin na biyu.

Abin dariya ma, a fim ɗin da aka yi wa tubalan kansu a 2014, The LEGO Movie, makamin da mugun labarin ke son hallaka duniya da shi gam ne. So yake ya liƙe kowa da komai a inda ya ajiye su don kada a ɓata masa tsari. Ba ina kamanta kowa da shi ba ne, Allah ya kiyaye, na san masu shawarar nan kishin kayan makaranta ne ya motsa su. Na kawo shi ne don a ga cewa su masu tubalin sun san wannan gardama tun kafin mu, kuma an ga ɓangaren da suka tsaya.

Shi kansa Star Wars da kwance-kwance aka yi shi, kuma wannan ne ya fi burge ni a duk tarihin fim ɗin. A 1977 babu irin zanen kwamfutar da ake yi yau. Jiragen da ake gani a fim ɗin ƙananan samfura ne da aka ƙera da hannu aka ɗauke su hoto. Masu ƙera su sun riƙa sayo kwalayen kayan wasa na tankokin yaƙi da jiragen ruwa da motoci, irin waɗanda ake haɗawa da littafi kamar namu, sai su ajiye littafin gefe, su ɓalle guntayen, su manna su a jikin jirgin sama don ya yi kama da inji na gaske mai bututu da wayoyi. Mai ƙawata wurin ɗaukar fim ɗin, Roger Christian, ya sayo tarkacen tsofaffin jiragen sama ya yi cikin jirgin Millennium Falcon da su. Takobin hasken Luke na fim ɗin farko kuwa, marikinsa hannun fitilar wata tsohuwar kyamara ce mai suna Graflex. Da waɗannan mutane sun ɗauki kayan da ke hannunsu a matsayin abin da ba a taɓawa, da babu fim ɗin, balle a yi masa tubali.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace nauyi, wadda ba zan yi mata kwana ba: za a ɓatar, za a sace. Mun san kanmu. Mun san abin da ya sami ƙwallayen tebur da 'ya'yan dara na ɗakin wasanni. Guntu ɗaya mai kyau ya shige aljihun wani, ko ya faɗi a share shi da shara, shi ke nan an sami giɓi. Duk wanda ya ce wannan ba zai faru ba bai zauna a hostal ba. Ni ina ganin zai faru. A shekara guda ana kwancewa ana haɗawa, da wuya a ce ko guntu ɗaya bai yi ƙafa ba.

To amma a auna asarar biyu. Idan guntu biyar suka ɓata, saura 2,309 suna nan suna aiki, kuma neman abin da zai maye gurbin wanda ya ɓata shi kansa aikin kai ne. Idan aka shafa gam, duka 2,314 sun tashi aiki a yini ɗaya, da hannunmu, sai dai ba wanda za a kama da laifi. Kuma ɓatan ma ana iya rage shi ƙwarai. A bayan littafin akwai jerin kowane irin guntu da hotonsa da adadinsa. A raba su gida-gida cikin robobi masu murfi, a rubuta adadi a jikin kowace. Mutum goma idan suka raba ƙirga, kowa guntu 231 ne da ɗoriya, abin da ba zai ci rabin lokacin firef ba. A yi aikin a kan tire ko babban faranti, a ɗaki ɗaya, ba a fita da komai. A buɗe littafin sa hannu, kamar yadda ake yi wa littattafan laburare, waɗanda su ma suna yagewa suna ɓata amma ban taɓa jin an ce a liƙe shafukansu ba. Ɗakin gwaje-gwaje yana da kwalabe masu fashewa da sinadarai masu ƙuna, kuma an amince mana da su a ƙarƙashin idon malami. Roba ba ta fi su haɗari ba.

Sai batun wurin ajiya. Wa ke shiga ofishin shugaban makaranta? Baƙi, iyaye masu ƙorafi, da ɗalibin da ya yi laifi, shi kuwa wannan kansa a ƙasa yake, ba ta mutum-mutumi yake yi ba. Wanda ya aiko da kwalin ga kulob ɗin kimiyya ya aiko, ga ɗalibai. Kada ya zama rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Muna da wata al'ada a makarantu da ya kamata mu fara yi wa kanmu faɗa a kanta, ta mayar da kayan koyo kayan ado. Na'urar ganin ƙwayoyin cuta tana cikin kwalinta da ledarta, ana fito da ita ran da masu duba makarantu za su zo, a mayar da ita kafin la'asar. Ɗalibi ya gama aji shida ya zana ta a jarrabawa, ya sa wa kowane sashe suna daidai, bai taɓa leƙa idonsa ciki ba. Ba na so R2-D2 ya shiga wannan layi.

Kada a ɗauka ina ƙin a baje shi ne. A baje shi mana, waɗanda suka yi wahala suna da haƙƙin a ga aikinsu. Amma a yi shi yadda ya dace, kuma a sa masa wa'adi. Laburare ne wurinsa, inda ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida duk suke shiga, a kan tebur mai ƙarfi kusa da mai kula da ɗakin. A nisanta shi da taga, domin hasken rana yana mayar da farar robar nan ruwan ɗorawa a hankali, shi kuwa yawancin jikinsa fari ne. Ƙura ma abokiyar gaba ce, musamman in hunturu ya kama, don tana shiga tsakanin maɓallai ta zauna. Murfin roba mai haske da ake ɗagawa ya wadatar, da burushi mai laushi irin na fenti. Tsumma ba ya yi, yana kama ƙananan guntaye ya fizge su. A ware rana ɗaya a mako da wani ɗan kulob zai tsaya ya ɗaga murfin, ya juya kan, ya saukar da ƙafar, ya ɓalle bango ɗaya na jikin ya nuna wa mutane ƙashin da ke ciki, ya amsa tambaya. Mako uku ko huɗu ya isa kowa ya gani.

A rubuta masa takardar bayani ta gaskiya. Kwalin ya zo da ɗan allonsa mai bayanin R2-D2, amma namu ya kamata ya ƙara da cewa kamfanin LEGO ne ya tsara, ɗaliban kulob ɗin kimiyya suka haɗa ta bin littafi. Na faɗi haka ne don na riga na ji ana cewa za a nuna shi ranar raba kyaututtuka a matsayin robot ɗin da ɗalibanmu suka ƙera. Ba robot ba ne, babu batir ko inji a cikinsa, kuma ba mu muka ƙera ba. Idan baƙo ɗaya a cikin taron ya san kwalin, kunya za mu sha.

Ina kuma ba da shawara a ajiye wani abu a gefensa. Da yawanmu mun taso muna yin motar kara da ta langa-langa. Ka feƙe kara, ka yanka ɓargonsa, ka soke, ka yanko taya daga tsohon silifa, ka lanƙwasa waya ta zama sitiyari mai tsawo da za ka riƙa tuƙawa kana tafe. Babu littafi, babu jaka mai lamba. In gaban motar ya karkace kai za ka gano dalili, kai za ka gyara. Ta fuskar tunani, yaron da ya yi wannan ya fi kusa da mutumin Denmak ɗin da ya tsara R2-D2 fiye da wanda ya bi littafi shafi-shafi. A sa gasa, a ce wa zai yi mana R2-D2 da gwangwanin madara da kara da waya, a jera wanda ya fi kyau kusa da na roban. Ina da yaƙinin akwai 'yan aji biyu da za su ba siniyoyi mamaki, kuma irinsu ba sa cikin kulob ɗin kimiyya, don sun ɗauka kulob ɗin na masu Turanci ne.

Bayan wa'adin ya cika sai a kwance shi. Na san wannan ne wurin da zai yi wa maginansa ciwo, kuma su nake so su yi kwancewar da hannunsu, daga kai zuwa ƙafa, suna bin littafin ta baya. A ɗauki hotuna tukuna, mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauki nauyin manna su a wannan allo. Zango mai zuwa sabon rukuni su haɗa, a fifita 'yan ƙananan azuzuwa, tsofaffin maginan su zama masu duba su ba tare da sun karɓe aikin ba. Littafin ma in ya yage ba a shiga uku ba, kamfanin yana ajiye kwafinsa kyauta a intanet, lambar kwalin kawai ake nema da ita.

Zagaye na uku shi ne wanda nake jira, ranar da za a kulle littafin a durowa a zube guntayen a tire a ce to, ku yi naku. Masu sha'awar tubalan nan a duniya sun fi girmama wannan mataki a kan kowane, har kamfanin ya buɗe wani shiri mai suna LEGO Ideas, inda mutum ke gabatar da abin da ya tsara da kansa, idan ya sami magoya baya 10,000 kamfanin ya duba yiwuwar mayar da shi kwalin sayarwa. Ta wannan hanya ce WALL-E, wani ɗan injin na wani fim ɗin daban, ya zama kwali a 2015, kuma wanda ya tsara shi, Angus MacLane, yana cikin waɗanda suka yi aikin fim ɗin a kamfanin Pixar, yana gina shi ne a lokacin hutunsa. Namu ba sai ya kai can ba. Guntayen fari da shuɗi da ruwan toka ne, da sanduna da fil masu yawa. Za su yi tankin ruwa mai hasumiya, za su yi gada, za su yi injin markaɗe mai hannun juyawa, za su yi wani ɗan injin da ba a taɓa gani a kowane fim ba, wanda mai shi zai raɗa wa suna. Na farkon zai fito a karkace, wataƙila ya zube kafin a kai shi laburare. Sai a tsince a sake.

Kulob ɗin kimiyya zai zauna ranar Laraba bayan la'asar don yanke shawara, kuma malamin da ke kula da su ya ce ƙofa a buɗe take ga wanda ba ɗan kulob ba. Duk wanda ke son hannunsa ya taɓa tubalan nan kafin ya bar makarantar nan, ya je ya faɗa da bakinsa, musamman 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda su ne za a fi yi wa asara kuma su ne ba a tambaya ba. Wanda ya je ya roƙi a nuna masa wani ɗan abu mai ruwan lemo, mai kama da ƙaramin cokalin takalmi, da ya zo a cikin kwalin. Kamfanin ne ya saka shi tare da sauran kayan, kuma aikinsa ɗaya ne, ɓamɓare tubalin da ya kama ɗan uwansa.